Babi Na Bakwai: Jarrabawa Da Shelar Sakamako

Duk shekara, da zarar damina ta yi nisa, shugabannin hukumomin jarrabawar kammala sakandare kan tara 'yan jarida, na WAEC a Legas, na NECO a Minna, su karanto alƙaluma: ɗalibai kaza suka yi rajista, kaza suka zauna, kashi kaza cikin ɗari suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, an riƙe sakamakon kaza bisa zargin satar amsa. Kafin la'asar labari ya karaɗe gidajen rediyo. Washegari shagunan intanet su cika da samari da 'yan mata, kowa riƙe da katin duba sakamako, yana karanto wa mai kwamfuta lambarsa murya na rawa. Wanda ya ga C6 a Turanci ya fito yana hamdala, wanda ya ga D7 a lissafi ya san shekara guda ta tafi. A yi mako guda ana ce-ce-ku-ce kan lalacewar ilimi, a jera jihohi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a yi wa wasu kirari a yi wa wasu gori, sannan a naɗe tabarmar zancen sai baɗi. Hujjar wannan babi ita ce, tsarin nan yana auna yaro ne a lokacin da awon ba zai ƙara masa komai ba, kuma yana shelanta sakamako ta hanyar da ke ɗora wa ɗalibi laifi shi kaɗai, makarantar da ta riƙe shi shekara goma sha biyu da hukumar da ke kula da ita su wuce ba wanda ya tambaye su. Gyaran abu biyu ne da ba sa rabuwa: a fara awo tun daga ƙananan azuzuwan firamare, kuma a riƙa bayyana sakamakon kowace makaranta ga jama'ar da ke kai mata 'ya'yansu.

Ƙofofin da yaro ke bi

Tsarin da muke kai ya samo asali ne daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifi 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, da aka soma aiwatarwa a 1982. A takarda, akwai mai gadi a bakin kowace ƙofa. A ƙarshen aji shida akwai jarrabawar shiga sakandare, kuma NECO ce ke shirya ta masu neman kwalejojin gwamnatin tarayya. A ƙarshen ƙaramar sakandare akwai BECE, wadda jama'a suka fi sani da ƙaramar WAEC, ko da yake galibi jihohi ne ke shirya wa makarantunsu ita. A jiha irin Kano akwai jarrabawar kwalifayin a aji biyu na babbar sakandare, wadda ke tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Sai babbar ƙofa, inda WAEC da aka kafa a 1952 ta yi shekaru tana cin kasuwarta ita kaɗai kafin a kafa NECO a 1999 ta gudanar da jarrabawarta ta farko a 2000. Ga NABTEB ta masu karatun sana'a, ga NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Bayan duk wannan JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jiran mai son jami'a da jarrabawarta mai maki 400, wadda ta koma ta kwamfuta kacokan tun 2015. Ban da waɗannan, manufar ta 1977 ta zo da wani tunani mai kyau, wato gwajin aji na yau da kullum da malamai ke kira C.A., don kada makomar yaro ta rataya a kan abin da ya rubuta cikin awa biyu a rana guda.

Wanda ya dubi wannan jeri zai ce ai awo ya yi mana yawa. Amma a lura da inda ƙarfinsa ya taru. Kusan duk jarrabawar da ke da mai sa ido daga waje, da takarda iri ɗaya ga kowa, da alƙaluman da ake bugawa, tana can sama ne, bayan yaro ya haura shekara goma sha biyar ko ya doshi ashirin. A ƙasa kuwa, inda ake kafa harsashi, kusan komai an bar shi a hannun malamin aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da shekara tara na farko kyauta kuma dole, wanda alheri ne babba, sai dai a aikace an fassara ta da cewa kowa ya wuce aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba. Malamin da ke gaban yara ɗari da ɗoriya, wasu a kan benci wasu a ƙasa, ba shi da halin bin kowannensu da gwaji mako-mako. Abin da ya saba faruwa shi ne, idan ƙarshen zango ya zo, a zauna da rajista a cike gurbin C.A. da alƙalami ɗaya a yini ɗaya. Sai a miƙa wa yaro katin sakamako ya kai gida, a jikinsa an rubuta ya zo na bakwai cikin ɗari da goma, uba ya ji daɗi ya sa masa albarka. Wannan lamba ta faɗi waɗanda yaron ya fi, ba ta faɗi abin da ya iya ba. Ajin da babu mai iya haɗa baƙi da wasali a cikinsa, shi ma yana da na ɗaya da na biyu da na uku.

Ba zargi ba ne wannan, an auna an gani. Binciken gida-gida na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta matakin farko, masu ta lissafi kuma kusan kashi 25. Gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2013 ya tarar da mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan gajeren labarin da aka ajiye a gabansu. A Jamhuriyar Nijar, awon PASEC na 2014 ya nuna waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. Lokacin da jaridu suka buga makin shiga kwalejojin tarayya na 2013, inda aka nemi 139 daga ɗan Anambra aka nemi 4 daga yaro namiji ɗan Zamfara, muhawarar ta tsaya ne a kan adalcin rabon gurabe tsakanin Kudu da Arewa. Kaɗan ne suka tambayi abin da ya fi ciwo: yaya aka yi yaro ya share shekara shida a makaranta, ana rubuta masa sakamako sau uku a shekara, ba wanda ya ɗaga murya sai da aka kai shi gaban takardar Abuja?

Abin da alƙaluman shekara ke ɓoyewa

Kason nan na masu kiredit biyar da ake shelantawa, wanda gwamnoni ke tinƙaho da shi ko suke kame-kame a kansa, ma'auni ne mai rauni ƙwarai. A 2014 WAEC ta ce kashi 31.28 cikin 100 ne suka haye. A 2021 ta ce kashi 81.7. A 2024 ya sauko 72.12. A 2025 aka fara shelanta 38.32, bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce ta gano kuskure wajen makin wasu takardu, ta mai da shi 62.96. Babu mai hankalin da zai yarda cewa ilimin 'ya'yan ƙasa guda ya ninku fiye da sau biyu cikin shekara bakwai, alhali azuzuwan nan ne, malaman nan ne, allunan nan ne. Abin da ke hawa da sauka ya haɗa da tsananin sa ido, da sauƙi ko wuyar takarda, da yadda aka yanka maki, da yawan satar amsar da ta sha. A 2024 kaɗai an riƙe sakamakon ɗalibai 215,267, kusan kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka zauna. Matsalar kuwa tsohuwa ce, domin tun a 1977 fitar takardun WAEC kafin ranar jarrabawa ta sa gwamnati kafa kwamitin bincike, kuma dokar hukunta maguɗin jarrabawa ta 1999 ba ta hana cibiyoyin da ake kai yara ƙauye a rubuta musu amsa a allo ci gaba da cin kasuwa ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin lissafin kwata-kwata. Kason da ake faɗi na waɗanda suka zauna ne, bai san da yarinyar da aka cire a aji biyar ba, bai san da yaron da ya koma gareji bayan ƙaramar sakandare ba, bai san da wanda kwalifayin ta tace ba kuma iyayensa suka kasa biya masa. Saboda haka jiha za ta iya ɗaga matsayinta a jeri ta hanya mafi muni, wato ta rage masu zama, ta tura zaƙaƙurai kaɗai. Makarantar kuɗi ma haka take yi idan ta sallami raunana kafin rajista, sannan ta kafa allo a bakin titi tana shelar cewa kowa ya ci. Jera jihohi kuma yana cakuɗa abubuwan da ba su haɗu ba, yana zuba ɗan makarantar kwana ta kimiyya da ɗan makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauyen da ba ta da malamin lissafi a ƙwarya ɗaya, ya fitar da lamba guda. Lambar nan ba ta gaya wa kwamishina makarantar da zai tura malami, ba ta gaya wa uba inda zai kai ƙorafi. Amfaninta ɗaya, gori tsakanin shiyyoyi, shi kuwa gori bai taɓa koya wa yaro karatu ba.

Awon da ke zuwa a kan kari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai iya karatu ba a aji uku, duk darasin da za a yi masa daga nan, na kimiyya ne ko na tarihi, ana yi ne a bayan idonsa, domin daga aji huɗu littafi ne ke ɗaukar rabin aikin malami. Ke nan awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda za a yi tsakanin aji biyu da aji uku, kuma ba ya buƙatar zaure ko ɗan sanda ko katin duba sakamako. Ga yadda ake yinsa: mai gwaji ya zauna da yaro ɗaya a inuwa, ya ba shi takarda mai ɗauke da baƙaƙe da wasula, ya danna agogo. Yaro na bi da yatsa yana furtawa, mai gwaji na yin alama a tasa takardar duk inda aka yi tuntuɓe. Minti ɗaya ya cika, a juya zuwa kalmomi, daga nan zuwa labari mai jimla biyar ko shida, a yi masa tambaya uku a kan abin da ya karanta, a rufe da ɗan lissafin tarawa da ɗebewa. Cikin kwata na awa an san inda yaron nan ya tsaya: bai san baƙi ba, ko ya san baƙi bai iya haɗawa ba, ko yana haɗawa bai fahimta. Kowane matsayi da maganinsa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa ya gamsu, sannan a ɗora masa na gaba. Boko ce ta zo ta yarda yaro ya wanke allo shekara shida a jere ba wanda ya saurare shi.

Ƙasashe masu fama da cunkoso irin namu sun gwada sun ga amfani. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara binciken ASER a 2005, inda 'yan sa-kai ke bin ƙauyuka gida-gida da takarda guda suna gwada yara. Shekara bayan shekara rahoton na nuna cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin aji biyu, har maganar ta fi ƙarfin musun jami'ai. Pratham ɗin ce kuma ta samo dabarar raba yara gwargwadon abin da suka iya na awa ɗaya ko biyu a rana, ba gwargwadon ajin da suke ba, dabarar da aka jarraba a Kano cikin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil. Ingila ma, duk da wadatarta, tun 2012 take zaunar da kowane ɗan shekara shida gaban malaminsa ya karanta kalmomi 40, wanda bai kai ba a ba shi ƙarin taimako a sake gwada shi baɗi. A nan gida an yi irin wannan a ƙarƙashin shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Illar ita ce duk shirye-shirye ne na masu ba da tallafi daga waje, ranar da kuɗinsu ya ƙare agogon gwaji ya koma cikin durowa. Abin da ya rage shi ne jihohi su mai da shi aikinsu na dindindin, da layinsa a kasafin kuɗi.

Wa ya kamata ya ji sakamakon

Awo kaɗai bai isa ba idan sakamakon zai kwanta a ofis. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, da ma'aikatar ilimi sun sha yin awon koyo na ƙasa, rahotannin na nan a kan kanta, amma da wuya a sami uba ɗaya a ƙauye da ya taɓa jin abin da suka ƙunsa. Abin da ake nema shi ne kowace makarantar firamare, ta gwamnati da ta kuɗi, ta sami takarda shafi ɗaya a shekara, da Hausa, a manna a ƙofar ofishin hedimasta, a karanta ta a taron iyaye da na kwamitin kula da makaranta, wato SBMC. Takardar ta faɗi yara nawa ne a rajistar aji uku, nawa aka samu ranar gwaji, nawa ke karanta labari su fahimta, nawa ba su san baƙi ba, yaya abin yake bara, yaya yake a sauran makarantun ƙaramar hukumar. A gefe guda kuma ta faɗi abin da hukuma ta ba makarantar: malamai nawa, azuzuwa nawa masu rufi, littattafai nawa. Sunan yaro ba ya fita, wannan sirri ne tsakanin malami da iyaye. A sakandare ma haka, a buga sakamakon WAEC da NECO na kowace makaranta tare da adadin waɗanda suka shiga aji ɗaya shekara uku baya, don a ga nawa suka zube a hanya.

Shaida mafi ƙarfi a kan tasirin bayyanawa ta fito ne daga Birtaniya. Ingila da Wels sun fara buga sakamakon makarantun sakandare a farkon shekarun 1990, sai Wels ta daina a 2001, Ingila ta ci gaba, alhali a lokacin jarrabawarsu iri ɗaya ce. Masu bincike a Jami'ar Biristol, ƙarƙashin Simon Burgess, suka bi sawun ɓangarorin biyu, suka tarar sakamakon ɗaliban Wels ya ja baya idan aka gwada da takwarorinsu na Ingila. Abin lura shi ne manyan makarantun da ke sama ba su girgiza ba, na tsakiya da na ƙasa, inda 'ya'yan talakawa suka fi yawa, su ne suka yi sanyi da aka ɗauke musu ido. Ɗan mai hali yana da uban da zai bincika da kansa. Ɗan talaka ba shi da mai tsaya masa sai alƙaluman da aka fito da su fili. Ko a nan gida mun ga amfanin fili a 2025, lokacin da koken ɗalibai da iyaye, waɗanda suka riƙa gwada sakamakonsu da na juna, ya sa JAMB ta sake dubawa, shugabanta na lokacin Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Da a ɓoye ake komai, da waɗannan yara sun tafi da tabon faɗuwar da ba tasu ba.

Abin da masu ja za su ce

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce duk lambar da aka ɗora wa muhimmanci sai an yi mata maguɗi. Gaskiya ne, kuma akwai misalai. A birnin Atlanta na Amurka, inda aka ɗaure ladan malamai da kujerar shugabannin makarantu da sakamakon gwaji, binciken 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara, kotu ta sami 11 da laifi a 2015. Kenya ta hana jera makarantu a 2014 saboda gasar ta haifar da tilasta wa raunana maimaita aji da satar amsa. Ƙasar da ke da cibiyoyin rubuta amsa a allo ba ta da bakin cewa hakan ba zai same ta ba. Amma a duba abin da ya haɗa waɗannan misalai: an rataya albashi, ko kora, ko kasuwar makaranta a wuyan lamba ɗaya, kuma an bar wanda abin zai shafa shi ne mai gadin takarda. Maganin shi ne a kwance wannan ƙulli. Gwajin aji uku kada ya hana yaro wucewa, kada ya taɓa albashin malami, kada a ba da kofi a kansa. Masu gwaji su zo daga waje, misali ɗaliban kwalejojin ilimi da ke aikin koyon koyarwa, a tura su ƙaramar hukumar da ba tasu ba, wata tawaga kuma ta sake gwada wasu makarantu ba sanarwa. Sannan karatu da baki yana da wuyar sata. Ana iya rubuta wa ɗalibi amsa a allo, amma ba a iya sa wa yaro karatu a baki cikin minti ɗaya gaban baƙo. Malamin da ya ce zai shirya yaransa don wannan gwaji, ba shi da hanya sai ya koya musu karatu, abin da ake nema ke nan tun farko.

Suka ta biyu ita ce rashin adalci: yaya za a gwada makarantar rugar da yara ke zuwa ba karin kumallo da ta 'ya'yan ma'aikata a birni? Wannan suka ta dace da jeri irin na gasar ƙwallo, shi ya sa ba shi ake nema ba. Ingila kanta ta gane haka, a 2016 ta koma auna sakandare da nisan da ɗalibi ya yi daga inda ya shigo. Makarantar da ta ɗaga masu iya karatu daga biyar cikin ɗari zuwa ashirin ta yi aikin da ya fi na wadda ta karɓi yara suna karatu ta sallame su suna karatu. Kuma tun da takardar na nuna abin da hukuma ta bayar, hedimastan da ke da malamai uku a kan yara ɗari bakwai ya sami hujjar da zai kare kansa da ita, yatsa ya koma kan sakataren ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Malamai su ne suka fi kowa cin moriyar wannan, domin a yau su ake zagi a dunƙule ba tare da an ga abin da aka ba su ba.

Suka ta uku, wai iyayen da ba su yi boko ba ba za su amfana da alƙaluma ba. Wannan raini ne, kuma an gwada an ga ba haka ba ne. A lardin Punjab na Pakistan, masu bincike sun ɗauki ƙauyuka 112, suka raba wa iyaye a rabinsu katin da ke nuna sakamakon 'ya'yansu da na duk makarantun ƙauyen, aka yi musu bayani baki da baki. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna karatun yara ya ƙaru, kuɗin makarantu masu zaman kansu ya sauka da kusan kashi 17 cikin 100, shiga makaranta ma ta ƙaru. Manomin da ke lissafin buhun taki da bashin kaka ba zai kasa gane cewa yara takwas ne cikin sittin ke karatu a ajin ɗansa ba. Ga rediyo, ga masallacin Juma'a, ga ƙofar mai unguwa, ga tarukan mata na Islamiyya, duk hanyoyi ne da saƙo ke isa inda jarida ba ta zuwa. Sai suka ta huɗu, ta kuɗi. Jihohin nan suna kashe ɗaruruwan miliyoyi duk shekara wajen biyan kuɗin WAEC da NECO, wasu har bashi ya taru a riƙe sakamakon ɗalibansu. Gwamnatin da ke iya biyan kuɗin tabbatar da faɗuwar yaro a shekara ta goma sha biyu ba za ta ce takarda da agogo da kuɗin motar mai gwaji a shekara ta uku sun fi ƙarfinta ba.

Babu ɗaya daga cikin wannan da ke nufin a rushe WAEC ko NECO ko JAMB. Ƙasa na buƙatar takardar shaida, jami'a na buƙatar hanyar tantancewa. Amma aikinsu rabon gurabe ne, ba gyaran karatu ba, kuma mun daɗe muna neman su yi mana abin da ba don shi aka kafa su ba. Majalisun jihohi na da ikon yin dokar da za ta wajabta gwajin aji uku da manna sakamakonsa a kowace makaranta, ba sai sun jira Abuja ba. Kafin su yi, mai karatu yana da abin yi da kansa. A taron iyaye na gaba, bayan an gama zancen kuɗin tsintsiya da gyaran katanga, ka miƙe cikin ladabi ka tambayi hedimasta: yara nawa ne a aji uku, kuma nawa ne cikinsu za su iya karanta labari mai jimla biyar da Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa? Idan ya sani, a rubuta, a sake tambaya baɗi. Idan bai sani ba, ku sa rana ku zauna tare da malamai a gwada. Haƙƙin 'ya'yanku ne a san amsar tun suna da shekara takwas.